Waiwaye: Yadda Sito Ya Koma Kan Titi

Kusan kullum sai an saki sabon bidiyo daga kyamarar gaban mota: tirela ta karkato cikin layin ƙaramar mota, saura ƙiris ta murƙushe ta, ko ƙaramar mota ta sha gaban tirela ta danna birki. Daga nan musu ya ɓarke. Masu ƙananan motoci su ce direbobin tirela ba sa ganin kowa da gashi, su kuma direbobin su ce jama'a ba su san nauyin abin da suke ja ba. Ana ta magana kamar jiya abin ya fara, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Italiya ta buɗe hanyar motoci zalla tsakanin Milan da Varese a 1924, Jamus ta bi sahu a shekarun 1930, Ingila ta buɗe babbar hanyar M1 a 1959. A wancan zamani jirgin ƙasa na riƙe da babban kaso na dakon kaya mai nisa.

Shekarar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce 1956. Ana tuna ta da dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni. Amma wata biyu kafin nan, ranar 26 ga Afrilu, wani jirgin ruwa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da akwatunan ƙarfe 58. Kwantena ke nan. Kafin zuwanta, leburori ne ke sauke kaya buhu-buhu, jirgi ya yi kwanaki a tasha, kayan kuma su sake kwana a sito kafin su motsa. Ita kuwa kwantena tun asali an ƙera ta ne don ta zauna a bayan tirela: ƙugiya ta ɗaga ta daga jirgi, ta dire ta, direba ya ja. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an daidaita girmanta, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40.

Da jigila ta yi arha, sai lissafin masana'antu ya sauya. Tsarin da ya fito daga masana'antun motoci na Japan, na kada a tara kaya, a kawo su daidai lokacin da ake bukata, ya bazu a Turai da Amurka a shekarun 1980. Kayan da a da ke kwance cikin sito suka koma bisa taya, kowane lodi da sa'ar da aka yanka masa. A ganina nan gizo ke saƙa. Direban da ke manne da bayan motarka sau da yawa agogo ne ke manne da nasa bayan. Yau wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da ake dakonsu a cikin ƙasashen Tarayyar Turai ta titi suke bi.

Dokoki sun biyo baya, kuma sun ceci rayuka. A Turai direba ba ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, an ƙara madubai, sabbin manyan motoci kuma tun 2015 suna zuwa da birkin gaggawa mai kama kansa. An kuma sa musu na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 90 a awa. Sai dai wannan ta zo da nata: idan tirela biyu gudunsu ya bambanta da kilomita ɗaya ko biyu kacal, wuce juna kan ci minti biyu ko fiye. Ƙananan motoci su taru a baya, ran kowa a ɓace, da zarar an ga kafa sai a kutsa cikin tazarar da direban ya bari don birki. Motar da ke ɗauke da tan 40 a wannan gudu tana cin mita 25 kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direban ta taɓa birki.

Alƙaluman haɗurra kuwa karo suke ƙirgawa. Wanda ya tsallake rijiya da baya hamdala yake yi ya wuce, ba ya shiga rajistar kowa. Shekara da shekaru haka abin yake tafiya, sai da kyamara ta yi arha ta hau gilashin gaban motoci sannan jama'a suka fara ganinsa.