Tambayoyin da ake ta yi mini kan shuka kariya

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tara amsoshin a wuri guda. Kariya nake nufi, wadda masana ke kira Adenium obesum, mai kumburarren gindi da fure ja ko ruwan hoda.

Tana jure zafin rana?

Sosai. Asalinta yankin Sahel ne da gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Ku ba ta rana aƙalla awa 6 a yini. In kun ɓoye ta a inuwa, kada ku zo kuna kukan ta ƙi fure.

Ruwan da ke fita in an yanke ta yana da illa?

Dafi ne, mai yi wa zuciya illa. Har a bakin kibiya mafarauta kan shafa shi. Ku wanke hannu bayan yanka, ku nisanta ta daga yara da dabbobi. Wannan ba abin wasa ba ne.

Ganyenta ya zube ƙaf, ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinku. Da sanyi hutawa take yi.

Sau nawa zan ba ta ruwa?

Nan ne yawancinku ke kashe ta, da sunan kulawa. Gindin nan da kuke gani rumbun ruwa ne, ƙishi bai cika kashe ta ba, laima ce ke ruɓar da saiwarta. Ba zan yanke muku kwanaki ba, don ya danganta da ƙasa da tukunya da lokaci. Wadda ke cikin ƙaramar tukunyar ƙasa a tsakar rana, da zafi, wataƙila ta so ruwa sau ɗaya ko biyu a mako. Wadda aka dasa a ƙasa ta kafu kan yi makonni ba ta nema ba. Ku tura yatsa cikin ƙasar. In kun ji danshi, ku ajiye bokiti. In ta bushe ƙamas, ku zuba har ya fito ta ramin gindin tukunya. Amma fa sai in ƙasar mai yashi da tsakuwa ce; in laka ce, ko yatsan ma yana iya ruɗar ku. Da sanyi, musamman in ya sauka ƙasa da digiri 10, kusan daina ba ta ruwa ake yi. Ku riƙa matsa gindin kuma: in ya ɗan yanƙwane amma da tauri, ƙishi ne. In ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ruwa ya yi yawa, a tone ta a yanke ruɓar.

Iri ya fi ko reshe?

Reshe ya fi saurin fure, iri ya fi ba da babban gindi. In reshe ne, ku bar bakin yankan ya bushe kwana biyu zuwa uku kafin ku dasa.