Cooper Union: kwalejin kimiyya da zane ta birnin Niyok, ɗalibanta da masu ziyararta

Cooper Union wata 'yar ƙaramar kwaleji ce mai zaman kanta da ke unguwar East Village a tsibirin Manhattan, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka. An buɗe ta a 1859, kuma fannoni uku kacal take ba da digiri a kai, wato zane da sassaƙa, tsara gine-gine, sai injiniyanci. Ɗalibanta gaba ɗaya ba sa kai dubu a yawancin shekaru. Abu biyu aka fi saninta da su, babban zauren taron da ke ƙarƙashin tsohon gininta inda Abraham Lincoln ya yi jawabi a 1860, da kuma cewa ta shafe sama da shekara ɗari ba ta karɓar kuɗin karatu daga hannun ɗalibi, har zuwa 2014.

Wanda ya kafa ta

Peter Cooper an haife shi a Niyok a 1791, ya rasu 1883. Karatun bokon da ya yi bai fi na shekara ɗaya ba in aka haɗa, tun yana yaro ya shiga koyon sana'a, ya yi hula ya yi ƙirar keken doki, daga baya ya sayi masana'antar gam kuma a nan ne arzikin ya fara zama. Shi ne ya ƙera kan jirgin ƙasan nan da ake kira Tom Thumb a 1830, ya shiga harkar narka ƙarfe, ya sa hannu a aikin shimfiɗa wayar tangarahu ta ƙarƙashin tekun Atlantika, har takarar shugaban ƙasa ya tsaya a 1876 yana ɗan shekara 85, duk da dai bai kai labari ba.

Rashin karatun nan ya tsaya masa a rai. Abin da ya so shi ne wurin da lebura ko makaniki zai tashi daga aiki da yamma ya zo ya koyi lissafi da kimiyya da zane ba tare da an tambaye shi kuɗi ba, kuma ba a duba launin fatarsa ko addininsa, mace ce ko namiji. A Amurkar 1859, lokacin ana kan cinikin bayi a jihohin kudu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai wata magana da ake yawan jingina masa, wai ilimi ya zama kyauta kamar iska da ruwa, amma wasu na cewa daga bakin surukinsa Abram Hewitt ta fito, wanda ya yi magajin garin Niyok daga baya.

Tsohon gini

An fara ginin wajajen 1853, aka gama zuwa 1859. Na jan dutse ne mai duhu-duhu, kuma yana cikin gine-ginen farko a birnin da aka ɗora a kan dogayen ƙarafan da aka murza a masana'anta, irin waɗanda kamfanin Cooper ɗin ke yi. Abin da maziyarta suka fi tsayawa kallo shi ne ramin lif. Cooper ya sa an bar ramin tun ana gini, alhali lif na ɗaukar mutane bai ma zama ruwan dare ba tukuna, kuma ya ce a yi shi zagayayye saboda a ganinsa haka lif zai kasance in ya zo. Da lif ɗin ya zo sai ga shi mai kusurwa huɗu. Sai a gyaran da mai tsara gine-gine John Hejduk ya yi wa cikin ginin a shekarun 1970 aka samu zagayayyen lif da ya dace da ramin.

A shekarun farko ba ajujuwa ne suka fi jan jama'a ba, ɗakin karatu ne. Kyauta ne, yana buɗe har dare, cike da jaridu da mujallu na gida da na waje, kowa na iya shiga har mata. Baƙin haure da suka cika unguwannin ƙasan Manhattan, Jamusawa da 'yan Ailan da Yahudawan gabashin Turai da Italiyawa, da yawansu nan suke zuwa su yi karatu su kuma sha ɗumi lokacin hunturu. Felix Frankfurter, wanda ya zo daga Biyana yana yaro ya kuma zama alƙalin kotun ƙoli, yana cikin waɗanda suka yi zaman ɗakin. Thomas Edison ma an ce ya ɗauki darasin kimiyyar sinadarai a nan yana saurayi. Akwai kuma sashen zane na mata, wanda manufarsa a fili take, mace ta samu sana'ar da za ta riƙe kanta.

Babban zaure

Nan ne zuciyar wurin ga wanda ba ɗalibi ba. Zauren a ƙarƙashin ƙasa yake, sai ka sauka matattakala, rufinsa ba shi da tsayi sosai kuma ginshiƙai ne jere a ciki, to in ka yi rashin sa'ar kujera sai ka kwana leƙe ta gefen ginshiƙi kafin ka ga mai magana. Yanzu yana ɗaukar mutum wajen 900.

Ran 27 ga Fabrairu 1860 Lincoln ya tsaya a nan. Lokacin lauya ne daga jihar Illinois wanda mutanen gabas ba su gama saninsa ba, kuma asali a wani coci da ke Brooklyn aka gayyace shi kafin a mayar da taron nan. Mutum wajen 1,500 suka zo, kuɗin shiga santi 25. Maimakon ya yi ta kumfar baki irin na 'yan siyasa sai ya ɗauko mutum 39 da suka sa hannu a kundin tsarin mulkin Amurka yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna yadda aƙalla 21 cikinsu suka nuna a aikace cewa gwamnatin tarayya na da ikon hana bauta a sabbin yankuna. Ya rufe da cewa a yi imani gaskiya ita ce ƙarfi. A ranar ne kuma Mathew Brady ya ɗauke shi hoton nan da ya bazu ko'ina lokacin kamfe, kuma kafin shekarar ta fita an zaɓe shi shugaban ƙasa. Teburin da ake jawabi a kai a zauren har yau ana cewa shi ne wanda ya tsaya a bayansa.

Bayansa an yi ta zuwa. Frederick Douglass, baƙar fata mai yaƙi da bauta, ya yi magana a nan lokacin yaƙin basasar Amurka, Susan B. Anthony da Elizabeth Cady Stanton sun yi tarukan neman 'yancin zaɓe ga mata, Red Cloud shugaban ƙabilar Lakota ya zo a 1870 ya faɗi yadda ake karya alƙawuran da aka yi da mutanensa. A 1909 kaɗai abu biyu suka faru, taron jama'a na farko na tafiyar da ta zama ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, sai taron teloli na watan Nuwamba. A wannan taron shugabannin ƙwadago sun kwashe awanni suna jan magana, kawai sai wata matashiya mai suna Clara Lemlich ta nemi a ba ta dama, ta hau ta yi magana da yaren Yidish ta ce ita ta gaji da surutu, a tafi yajin aiki. Washegari dubban mata masu ɗinkin riguna suka ajiye aiki, yajin da ake kira tashin mutum 20,000.

Barack Obama ya yi jawabi a zauren sau biyu, 2008 yana takara da 2010 yana kan mulki.

Shiga da zaman karatu

Shiga da wuya, musamman ɓangaren zane da na tsara gine-gine. Ba sakamakon jarrabawa kaɗai ake dubawa ba, ana aika wa mai nema wasu tambayoyi ya tafi gida da su ya yi 'yan makonni yana amsawa da zane ko wani abin da ya ƙera da hannunsa, kuma tambayoyin kan zo a murɗe da gangan, don ba a neman wanda ya iya kwaikwayon hoto, ana neman a ga yadda kansa ke aiki ne. Injiniyoyi su kam lissafi da fiziks ne ke shigar da su. Digirin tsara gine-gine shekara 5 ne, sauran shekara 4, kuma injiniyancin ya haɗa da na gine-gine da hanyoyi, na lantarki, na injina da na sinadarai. Kowa kuma dole ya ɗauki darussan adabi da tarihi, a nan ne ma ɗan zane da ɗan injiniya suka fi haɗuwa a aji ɗaya, don in ba haka ba kowa na can ɓangarensa.

Wanda ya zo yana tsammanin harabar jami'a mai katanga da filin ƙwallo da ciyawa zai sha mamaki. Babu. Gine-gine ne tsirara a bakin titi, ka fito daga aji ka faɗa cikin hayaniyar motoci, kuma hostal ɗaya ne a kan Third Avenue wanda galibi 'yan shekarar farko ke samu, daga nan kowa ya nemi haya, kuma hayar Manhattan ba wasa ba ce, shi ya sa da yawa ke komawa Brooklyn ko Queens su riƙa shigowa a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ko a zamanin da karatun yake kyauta, kuɗin ɗaki da abinci da kayan aiki a kan ɗalibi suke.

Rayuwar 'yan zane da 'yan gine-gine a sitidiyo take ƙarewa. Kowa da kusurwarsa, ana kai dare, sannan a zo zaman sharhi inda za ka kafa aikinka a bango malamai da 'yan ajinku su yi masa filla-filla a gabanka. Makarantar tsara gine-ginen ta yi suna a ƙarƙashin Hejduk, wanda ya shugabance ta daga 1975 zuwa 2000, da fifita zanen hannu da tunani a kan koyar da yadda za a gina wa ɗan kasuwa ofis, masu yabo na cewa ta fitar da masu tunani, masu suka na cewa ta yi nisa da ainihin aikin gini. Daniel Libeskind da Elizabeth Diller da Shigeru Ban duk nan suka yi.

Sauran tsofaffin ɗalibai: Augusta Savage, baƙar fata mai sassaƙa da ta shiga a 1921 ta gama karatun shekara 4 cikin 3, Milton Glaser da ya zana tambarin soyayyar Niyok mai hoton zuciya, Eva Hesse, Alex Katz, Wangechi Mutu 'yar Kenya, da Russell Hulse da ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1993.

Rikicin kuɗin makaranta

Kyautar karatun ta dogara ne kan dukiyar da aka bar wa makarantar. Attajiri Andrew Carnegie ya ba da gudummawa mai tsoka a farkon ƙarni na 20, iyalan Cooper kuma suka ba ta wani fili a tsakiyar Manhattan wanda daga baya aka gina dogon benen Chrysler a kai, aka gama a 1930, kuɗin hayar filin nan ya daɗe yana riƙe da kwalejin. Ko tun ranar farko kowa da kowa ke karatu kyauta, ko kuwa sai wajajen 1902 abin ya game kowa, wannan ana ja a kai.

A 2006 makarantar ta ci bashin dala miliyan 175, aka yi sabon gini, ga karayar tattalin arziki ta 2008 ta biyo baya. A Disamba 2012 ɗalibai 11 suka kulle kansu a saman tsohon ginin tsawon mako guda suka sako jan ƙyalle ta taga. Afrilu 2013 kwamitin amintattu ya sanar cewa masu shigowa daga 2014 za su biya rabin kuɗin karatu, kusan dala 20,000 a shekara, sai ɗalibai suka mamaye ofishin shugaban makarantar Jamshed Bharucha kwana 65. Tsofaffin ɗalibai da wasu malamai suka kai ƙara, antoni janar na jihar Niyok ya shigo, aka sasanta a 2015, Bharucha ya sauka a shekarar. A 2018 aka amince da shirin komawa kyauta zuwa zangon 2028 da 2029, kuma a 2024 aka sanar cewa 'yan ajin ƙarshe sun daina biya saboda gudummawar wasu tsofaffin ɗalibai. Wa ke da laifi, har yanzu kowane ɓangare da nasa bayanin.

Sabon gini

Ana kiransa 41 Cooper Square, an gama shi a 2009, zanen Thom Mayne ne. An lulluɓe shi da ragar ƙarfe mai tsaguwa a gaba, kuma manyan lif ɗinsa ba sa tsayawa a kowane hawa, an yi haka ne wai don mutane su hau matattakala su riƙa haɗuwa.

Masu ziyara

Laccoci da muhawarori a babban zaure yawancinsu kyauta ne, sai dai a yi rajista tukuna. Ƙarshen kowace shekarar karatu ana baje ayyukan ɗalibai jama'a su shigo su gani, akwai kuma cibiyar Herb Lubalin mai tarin fastoci da zanen haruffa wadda ake shiga da alƙawari. Ranar Asabar yaran sakandaren gwamnati na birnin kan zo koyon zane kyauta, ɗaliban kwalejin ne ke koya musu, shirin da ya faro tun 1968. Ajujuwa da sitidiyo dai sai mai katin makaranta. A waje akwai mutum-mutumin Peter Cooper zaune a kujera, aikin Augustus Saint-Gaudens na 1897, wanda shi ma ɗalibin ajin dare ne a nan, sai baƙin akwatin ƙarfen nan na Astor Place da ke tsaye kan kusurwa ɗaya, wanda in mutum biyu ko uku suka tura yana juyawa.

Gidan tarihin zane da jikokin Cooper mata suka buɗe a cikin ginin a 1897 ya bar hannun kwalejin a ƙarshen shekarun 1960, yanzu shi ne Cooper Hewitt a can saman Manhattan.

A Oktoba 2023, lokacin zanga-zangar yaƙin Gaza, an samu tirka-tirka a ƙofar laburaren makarantar, wasu ɗalibai Yahudawa suka kai ƙara kotu, kuma ɓangarorin sun saɓa kan abin da ya faru a ranar.