Bin Sawun Matsalolin Sadarwa a Kwamfutocin IBM i

Bin sawun sadarwa hanya ce da masu kula da kwamfutocin kamfanoni ke bi don gano inda saƙo ya maƙale tsakanin sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, da na'urorin da ke magana da ita. Wannan maƙala ta duba yadda ake yin aikin a kan matsakaitan kwamfutocin kasuwanci na kamfanin IBM, waɗanda suka fara fitowa a 1988 da sunan AS/400 daga cibiyar kamfanin ta Rochester a jihar Minnesota ta Amurka. An sauya musu suna zuwa iSeries a 2000, sannan tun 2008 manhajarsu ke amsa sunan IBM i. Bankuna da masana'antu da kamfanonin rarraba kaya na dogara da su, saboda haka yankewar sadarwa ta sa'a guda ma kan tsayar da ciniki cak.

Ba da bin sawu ake farawa ba. Mai kula da na'ura yakan fara duba saƙonnin da suka taru a QSYSOPR, wato jerin saƙonnin da na'urar ke tara wa mai kula da ita, sannan ya yi amfani da umarnin WRKCFGSTS ya ga ko layin Ethernet, wato layin da ya haɗa sabar da sauran na'urori, yana aiki ko ya faɗi. Daga nan sai PING don tabbatar da cewa ɗaya ɓangaren na amsawa, da NETSTAT don ganin adireshi da hanyoyi da mashigan da ke buɗe, wato ƙofofi masu lamba da manhajoji ke karɓar saƙo ta cikinsu, kamar mashiga ta 23 wadda masu aiki a allon 5250, wato allon rubutu da ake aiki da waɗannan kwamfutoci ta kansa, ke shigowa ta cikinta. Sau da yawa a nan ake gano laifin.

Idan duk wannan ya nuna lafiya lau amma ma'aikata na ci gaba da kukan cewa allonsu na daskarewa, sai a koma ga umarnin STRCMNTRC, wanda ke kwafe duk ƙunshin bayanan da ya shiga ko ya fita ta layin da aka ambata masa. Ana tsayar da shi da ENDCMNTRC, a buga sakamakon da PRTCMNTRC, ko a juye shi cikin fayil da DMPCMNTRC. Sababbin fitowar manhajar na iya juye shi a tsarin da Wireshark, manhajar nazarin bayanan sadarwa, ke karantawa. Sai mai izinin musamman na gyara ke iya kunna STRCMNTRC, kuma hakan ya dace, domin kalmar sirrin da ta bi layi ba a lulluɓe ba, wato ba a sirranta ta ba, tana iya bayyana ƙarara a cikin abin da aka kwafa.

Nasarar aikin ta rataya ne kan shirin da aka yi kafin a danna umarnin. Ma'ajin da ke karɓar bayanan yana da iyaka, kuma idan ya cika, ko dai ya tsaya ko ya riƙa shafe na farko yana ɗora sabo, gwargwadon zaɓin da aka yi. A kan layi mai cunkoso, ɗan jinkiri kaɗan wajen tsayarwa ya isa ya shafe daidai lokacin da ake nema. Shi ya sa ƙwararru ke taƙaita kwafen ga adireshin na'ura ɗaya, su faɗaɗa ma'ajin, su rubuta ainihin mintin da matsalar ta faru. Ga matsalar da ke zuwa jefi-jefi, ana iya umartar na'urar ta tsayar da kwafen da kanta da zarar wani saƙon kuskure ya bayyana.

Wajen karatu, ana fara neman gaisuwar buɗe hulɗa mai matakai uku ta TCP, wato ƙa'idar da na'urori ke bi wajen musayar bayanai. Idan ƙunshin SYN, wato buƙatar buɗe hulɗar, ya fita sau da dama babu amsa, galibi katangar tsaro ce ke haɗiye shi a hanya, ko kuma amsar ta ɓace wajen dawowa. Idan RST, wato saƙon ƙin hulɗar, ya dawo nan take, yawanci an isa na'urar amma babu manhajar da ke sauraro a mashigar. Idan kuwa ƙananan saƙonni na wucewa manya na maƙalewa, sai a zargi iyakar girman ƙunshi, wadda a Ethernet bisa al'ada bayit 1500 ce.

Wannan kwafe yana ganin abin da ya taka layi ne kawai. Saƙon da sabar ta aika wa kanta ta adireshin 127.0.0.1 ba ya bayyana a ciki, wanda aka lulluɓe da TLS, ƙa'idar sirranta saƙonni, kuma ba ya karantuwa. A irin wannan hali ana amfani da TRCCNN, wanda ke ɗaukar bayanan daga cikin manhajar, kafin a lulluɓe su wajen fita da kuma bayan an warware su wajen shiga. Idan an kammala, ana share kwafen STRCMNTRC da DLTCMNTRC don a saki wurin da ya riƙe.