Waiwaye: Tarihin Haɗin Gwiwar Makarantun Zane da Kamfanonin Kayan Ƙawata Gida

A yau ba abin mamaki ba ne a ji cewa wani kamfani ya ƙulla yarjejeniya da makarantar koyon zane domin ɗalibanta su zayyana masa labule, fitila, kwanukan tangaran ko takardar ado ta liƙa wa bango. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sabuwar dabarar talla, alhali kuwa da yawa daga cikin makarantun domin wannan buƙata aka kafa su tun asali.

A shekarun 1835 da 1836 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki dalilin da ya sa kayan masana'antun ƙasar, duk da yawansu da arharsu, ba su kai na Faransa kyan tsari ba. Sakamakon binciken ne ya kai ga buɗe makarantar zayyana ta gwamnati a Landan a 1837, wadda daga baya ta zama Royal College of Art. Manufarta ita ce horar da masu zane domin masaƙu da masana'antun tangaran. Irin wannan tunani ne ya haifar da makarantar zayyana ta Rhode Island a Amurka a 1877, a yankin da ya yi suna wajen saƙa da ƙera kayan ado.

Sai dai inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a birnin Weimar na Jamus a 1919. A can ɗalibi ba ya tsayawa kan zane a takarda, dole ne ya shiga ɗakin ƙira, ko na saƙa, ko na kafinta, ya yi abin da hannunsa. Amma yin abu da hannu daban, sayar da shi daban. Fitilar tebur da Wilhelm Wagenfeld ya kammala a 1924 yana ɗalibi ta burge jama'a ƙwarai, duk da haka ta yi tsada, domin kamanninta ne kawai na kayan inji, aikinta kuwa na hannu ne ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya nuna wa makarantar cewa ba ta da mafita sai ta nemi masana'antu. Bayan ta koma Dessau a 1925, an kafa kamfani na musamman domin tallata ayyukanta, kuma a 1928 Marianne Brandt da abokan aikinta suka fara zayyana fitilu ga kamfanin Körting & Mathiesen na Leipzig, wanda ya riƙa ƙera su da yawa da sunan Kandem.

Abin da ya fi kawo wa makarantar kuɗi, abin mamaki, shi ne abin da ya fi komai sauƙi. A 1929, zamanin shugabancin Hannes Meyer, aka yi yarjejeniya da kamfanin Rasch mai buga takardar bango, aka shirya gasa tsakanin ɗalibai, aka zaɓi zane-zane masu laushin launi da ƙananan layuka, waɗanda suka dace da ƙananan gidajen ma'aikata da ake ta ginawa a lokacin. Matsin lambar 'yan Nazi ya sa an rufe Bauhaus a 1933, amma har yanzu kamfanin yana buga takardar da sunan makarantar. Ga mai lura, a nan matsalar take: sunan makaranta da na kamfani sun rayu, sunayen yawancin ɗaliban da suka yi zanen kuwa sai masu binciken tarihi ne ke sanin su.

Ko a wancan zamani an yi ta ja-in-ja kan haƙƙin mallaka. Marcel Breuer, wanda ya yi karatu a makarantar kafin ya zama malami a cikinta, ya ɗauki kujerunsa na bututun ƙarfe a matsayin mallakarsa, ya kafa kamfanin Standard Möbel tare da wani abokinsa, lamarin da bai yi wa hukumar makarantar daɗi ba. Tambayar da rikicin ya taso da ita ita ce wadda ake yi har gobe: idan aka yi zane a ɗakin aikin makaranta, da kayanta, ƙarƙashin kulawar malaminta, na wa ne?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, makarantar zayyana ta birnin Ulm a Jamus, wadda ta yi aiki daga 1953 zuwa 1968, ta ci gaba da wannan hanya ta hulɗarta da kamfanin Braun mai ƙera kayan lantarki. A can ne Hans Roericht ya zayyana kwanuka da kofunan da ake jera su kan juna a matsayin aikinsa na kammala karatu a 1959, kamfanin Thomas ya karɓa ya ƙera su shekaru da dama, kuma an san cewa Roericht ne ya zayyana su.

Amfanin wannan hulɗa ga ɗalibi ba ya ɓoyuwa, domin a nan yake koyon lissafin farashi, da iyakar abin da inji zai iya yi, da yadda ake jin ƙin amincewar mai saye. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne takardar yarjejeniya. Wasu makarantu suna barin haƙƙin zane a hannun ɗalibi, wasu kuma suna sa shi ya miƙa shi ga kamfanin da ya ɗauki nauyin darasin tun kafin ya ja layin farko, ya tashi da ɗan tukuici ko maki kawai, alhali shi ne ke biyan kuɗin makaranta. Ya dace duk ɗalibin da aka gayyata irin wannan aiki ya tambaya tun farko ko sunansa zai fito a jikin kayan, ko yana da kaso a cikin ciniki, da kuma abin da zai faru da zanen da kamfanin bai zaɓa ba.