Masu Buƙata ta Musamman da Dogaro da Kai a Jos: Tambayoyi da Amsoshi

Idan an ce gurgu ko makaho ya dogara da kansa, rabuwa da dangi ake nufi?

A'a. Yana nan cikin gidansu, amma shi ke da iko da fitarsa da shigarsa. Makahon da ya iya sandarsa ba sai an hana yaro zuwa makaranta don ya yi masa jagora ba. Wannan kaɗai ya 'yanta mutum biyu.

Wane taimako ake samu a Jos?

Wanda aka fi sani shi ne cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan ya kafa. Shi kansa shan inna ya kama shi tun yana yaro. Suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, su raba kyauta. Kada a raina keken nan. Wanda ya san hawa da gangaren Jos, da yadda ƙasa ke sanyi cikin hunturu, ya san abin da rarrafe ke yi wa gwiwa da tafin hannu. Da keke mutum zai kai kansa kasuwar Taminus ya saro kaya, ya dawo ya kasa a ƙofar gida.

Makafi kuma akwai makarantarsu a Gindiri tun 1953, Jami'ar Jos tana horar da malamansu da na kurame.

Doka fa, ta ce wani abu?

Ta ce. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya: tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, miliyan ɗaya ga kamfani. An ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce, matakala na nan daram. Hukumar kula da masu buƙata ta musamman da aka kafa a Abuja a 2020 kuwa, babban sakatarenta na farko James Lalu da Gufwan da ya gaje shi a 2024 duk 'yan Filato ne.

To mu 'yan unguwa, ban da sadaka me za mu yi?

Sadaka ba laifi ba ce, sai dai ta yau ce kawai. Tela ya ɗauki kurma almajiri. Masu adashi su sa gurguwa cikin zubi, ta samu jari. Kwamitin masallaci ya sayi siminti a zuba gangare a ƙofa, don mai keke ya daina salla a waje ran Juma'a. Kafin a zuba ɗin, a kira shi ya gwada hawa tukuna.