Albashi mafi ƙanƙanta: amsa ɗaya, kowa ya karanta

Tambayoyin nan kan albashi mafi ƙanƙanta a Nijar sun ishe ni a WhatsApp da bakin masallaci, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Nawa ne yanzu?

Jika 42 a wata. Da sefa 30,047 ne, tun 2012.

Ba 70,000 ba?

Wannan naira ce, ta Najeriya, wadda Tinubu ya sa wa hannu a 2024. Don Jibiya na kusa ba ya nufin dokarsu ta ƙetaro iyaka zuwa Ɗan Isa.

Idan yaro ya yarda da jika 20 fa?

Yunwa ce ta yarda, ba shi ba. Yardarsa ba ta soke doka. Alhaji, ka san kuɗin tiyar hatsi a kasuwa, ka san hayar ɗaki a unguwar Zariya ta Maraɗi. Ka lissafa da kanka, ka ji tsoron Allah.

'Yar aikina a gidana take ci, nan take kwana. Sai na biya duka?

To Hajiya, nan sai a hankali. Idan takan zo ta yi wanke-wanke da shara na awa biyu ta tafi, lissafin awa ne, domin jika 42 ɗin na mai cikakken aiki ne, awa 40 a mako. Idan kuwa tun asuba take tsaye har a kwashe kwanonin dare, ta wuce awa 40 nesa ba kusa ba. Abinci da makwanci ana iya sa su a lissafi, amma da iyaka, kuma ba ke za ki yanke musu farashi ba. Ki je ofishin sufeton ƙwadago a duba miki. Ragowar tuwo da tabarma a zaure dai ba albashi ba ne. Sannan ki dubi shekarunta: in ba ta kai 14 ba, maganar ma ba ta albashi ba ce, makaranta ya kamata tana. Kuma kuɗin a hannunta za ki sa, kada ki ba matar da ta kawo ta daga ƙauye. Na ga yarinyar da ta shekara tana aiki, ko dala ba ta taɓa riƙewa ba.

In na kai ƙara ba za a kore ni ba?

Kwantar da hankalinka. Sufeto sulhu yake fara nema. Ka dai riƙa rubuta ranar da aka biya ka da abin da aka ba ka, ko a bayan kwalin shayi ne.