Sauyin Yanayi Ba Aikin Ma'aikatar Muhalli Kaɗai Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa sauyin yanayi magana ce ta ma'aikatar muhalli: ta dasa itatuwa, ta tura wakilai taron duniya, shi ke nan. Wannan fahimta ta jawo asarar lokaci mai yawa.

Hayaƙin da ke ɗumama duniya yana fitowa ne daga tashoshin wutar lantarki, motoci, masana'antun siminti da gonaki. Ministan muhalli ba shi da cikakken iko a kansu. Idan ma'aikatar makamashi ta amince a gina tashar kwal, za a shafe gomman shekaru ana ƙona kwal a cikinta, sannan ma'aikatar kuɗi ce ke tsara abin da zai shiga kasafi.

Shi ya sa dokar sauyin yanayi ta Kenya ta 2016 da ta Najeriya ta 2021 suka ɗora shugaban ƙasa a kan majalisar sauyin yanayi, domin shi ne mai iya tsawata wa ministoci. Birtaniya kuwa, dokarta ta 2008 ta kafa kwamiti mai zaman kansa da ke kai wa majalisar dokoki rahoto duk shekara kan ko gwamnati na cika alkawarin rage hayaƙi.